Kaset ɗin Zahara'u

Kwali shida aka sauke daga a-kori-kura a ƙofar gidan ƙanena Dabo a Birnin Kudu, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko amarya aka kawo. A gabana aka yi, don ranar na zo daga Gwaram da man gyaɗar da nake kawo wa masu tuya. Na ce, "Dabo, mene ne wannan kuma?"

Ya ce, "Rediyo ne, Yaya."

Rediyo! Ni Turai, rediyon da na sani shi ne wanda ake ratayawa a kafaɗa a tafi da shi gona. Wannan kuwa sifikarsa guda ɗaya sai da ƙarti biyu suka kama suna nishi, kuma biyu ce, kowace ta kawo mini kafaɗa. Sauran kwalayen da aka buɗe, wasu baƙaƙen akwatuna ne da ake ɗora wannan kan wancan, kowanne da madannai jere reras. Wayoyi kuwa ba a magana.

Shekara ta biyu ke nan da aka yanke mana Jigawa daga Kano. Dabo malamin gona ne, aka dawo da shi gida, aka ƙara masa girma, aka ba shi babur yana zagaya Kiyako da Yalwan Damai yana nuna wa manoma yadda ake zuba taki. To ashe bijimai biyun da yake kiwo a Kangire, waɗanda muke ta sa ran zai sayar ya sake wa gidan nan rufi, su ya kaɗa kasuwa, ya wuce Kano ya kwaso wannan jidali. Da na ji haka raina ya ɓaci. Na ja shi zaure na wanke shi tas. Na ce mutumin da ko a gidan biki ba ya gyaɗa kai in ana kiɗa, me zai yi da kayan makaɗa? Na ce ko sabuwar jihar ce ta hau masa kai? Na ce ga Hawwa matarsa tana jera kwanoni a tsakar ɗaki tana tarar ruwa duk damina, shi kuma ga abin da ya ga ya dace.

Ya bar ni na gama tsaf. Haka yake tun yana yaro, sai ka zazzage ka gaji don kanka. Sannan ya ce a hankali, "Don kaset ɗin ne, Yaya."



Bari in gaya muku zancen kaset ɗin nan. Kafin Hawwa, Dabo ya auri Zahara'u, yarinya daga cikin Fulanin da suka zauna suke noma a gefen Gwaram. Shekara goma sha huɗu kafin ranar kwalayen nan, aka tura shi kwas Zariya na wata tara, ya bar ta a wurina da jaririyarsu Hidaya, tana 'yar wata bakwai. Zahara'u ba ta iya rubutu ba, ni ma haka, kuma ba ta yarda a kira wani ta faɗa masa maganarta da mijinta ya rubuta ba. A lokacin ana yayin saƙon kaset: ka zauna gaban rikoda ka faɗi abin da ke bakinka, a ba direba ya kai. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, yana da wata 'yar rikoda. Muka shiga ɗakina da hantsi ranar wata Laraba, ta yi maganarta, na cire kaset na ajiye, direban zai tafi ranar Lahadi. Ranar Alhamis zazzaɓi ya rufe ta, wuya ya sanƙare. Kafin Lahadin an kai ta makwancinta. Dabo ya zo bai same ta ba. Bayan addu'ar bakwai na miƙa masa kaset ɗin a hannu, na ce ga saƙonka.

Bai taɓa sa shi ba. Da farko zuciyarsa ce ba za ta ɗauka ba. Daga baya kuma tsoro ya shigo, don ya ga yadda rikodojin kasuwa suke tauna zaren kaset, a zo ana jawo shi a yamutse ana naɗewa da biro. Ya naɗe shi a ƙyalle, ya sa a gwangwanin alewa, ya tura ƙasan akwati, ya ce ba zai sa shi a bakin wani inji ba sai wanda ya amince da shi ɗari bisa ɗari.

Hidaya kuwa a hannuna ta tashi. Ni na yaye ta da kunu da nonon saniya, ni na sa ta makaranta, kuma ko da Dabo ya sake aure bai karɓe mini ita ba. Babu hoton uwarta ko guda ɗaya a duniya. Tun tana 'yar shekara tara ta san da kaset ɗin, don bakina ba ya riƙe magana, kuma duk hutu in mun zo Birnin Kudu sai ta tambayi ubanta, shi kuma ya ce, "Sai na samu abin sawa mai kyau." Yarinyar nan ba ta taɓa roƙona zane ko ɗan kunne ba. Abu ɗaya take so, ta ji muryar uwarta ko da sau ɗaya ne.

To na ɗauka tun da abin sawa ya zo, washegari za a kira mu. Ina! Sai da aka yi wata biyu cur.

Da farko wuta ce. In an kawo ta a unguwarsu ƙwan ɗaki ja yake yi, injin ya ƙi tashi, sai wani ɗan ido da yake ƙiftawa. Aka kira Edward, mai gyaran rediyo a bakin tasha. Mutumin Filato ne, amma ya fi shekara ashirin a garin, in yana Hausa ba ka ce baƙo ba ne. Ya ce sai an sayo sitabilaiza, wani akwatin kuma mai daidaita wuta. Aka sayo, akwatuna suka ƙaru. Ranar da abin ya tashi, Dabo ya gwada shi da kaset ɗin wani maƙwabci, ya ɗan murɗa kaɗan, sai kwanon rufi ya ɗauki rawa, ƙasa na zubowa daga kan katanga, kayan jeren Hawwa suna ta kaɗawa a kabad har tangaran biyu suka faɗo suka fashe. Ashe don ɗakin siminti mai silin da kafet aka yi shi, ba irin namu ba. Akwati ɗaya na faifan sidi ne, duk garin babu mai sayar da faifan, sai ya zama wurin ajiye hula. Takardar bayanin harshe biyar ce, babu wanda ya yi kama da Hausa. Ana cikin haka zanzaro ya gano ramin da ke bayan sifika ya yi gininsa a ciki, Edward ya sake zuwa ya ƙwaƙule da tsinke. Masu biki suka fara zuwa aro, Dabo ya hana, aka fara cewa girman kai ya shige shi tun da aka ba shi babur. Hawwa, baiwar Allah, ita ta ɗinka wa abin riga da tsohon labule, kullum ta kakkaɓe shi. Ta ce mini ɗakin da take yi wa baƙi shimfiɗa yanzu ya zama na rediyo, ta faɗa tana dariya, don ta san dalilin sayen kuma ba ta taɓa ƙorafi a kai ba.

Sai ga saƙo a Gwaram, wai mu zo ranar Juma'a.

Hidaya ta ɗauko kayanta na salla ta sa. Ta shafa turare, ta sa kwalli, kamar mai zuwa gaishe da wani. Na buɗe baki zan tsokane ta, na dubi fuskarta, na fasa. A mota tun daga Gwaram har Birnin Kudu hannunta na cikin nawa yana gumi.

Bayan an sauko daga masallaci Hawwa ta kawo abinci, babu wanda ya iya ci. Ta ɗauki mayafinta ta ce za ta leƙa maƙwabta barka, na san ba wata barka, wuri ta ba mu. Muka zauna a tabarma ni da Hidaya. Dabo ya yaye wa injin rigarsa, ya wanke hannu, ya buɗe gwangwanin alewa. Ya sa kaset ɗin, murfin ya rufe kansa a hankali. Ya yi bisimilla ya danna.

Aka ji shuuu. Aka ji wani abu ya yi tsuwa, daga baya na gane zakara ne. Sannan magana ta fito daga manyan sifikun nan, siririya, tsit-tsit, tana gudu, kamar ɓera ya koyi Hausa. "Salamu alaikum Malam da fatan kana lafiya ya karatu ya baƙunta," duk a numfashi ɗaya.

Dariya ta kuɓuce wa Hidaya. Ba da gangan ba, wallahi ko wa ya ji sai ya yi. Ta yi sauri ta toshe bakinta da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Dabo ya danne abin ya tsaya.

Ta juyo ta ce, "Gwaggo, haka take magana?"

Na ce, "Wallahi tallahi ba haka ba ne! Uwarki muryarta mai kauri ce, mai sanyi, ba ta gaggawa. In ta ce miki sannu sai ki ji kamar kin sha ruwan randa. Wannan ba ita ba ce!"

Dabo ya durƙusa gaban injin yana tura wannan madanni sama, yana jan wancan ƙasa. Ya sake dannawa. Ɓeran ya dawo, wannan karon da rugugi a bayansa har kwanon rufi ya amsa. Ya kashe. Ya cire kaset ɗin ya riƙe a tafin hannu yana kallo, ya ce, "Ya lalace. Na yi ta ajiya har ya lalace."

Hidaya ta rarrafa ta dafa gwiwarsa, ta ce, "Baba, ka yafe mini dariyar." Ya shafa kanta, ya tashi ya fita zaure ya zauna. Ita kuma ta shiga ɗakin Hawwa ta cire kayan sallar ta ninke. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci ɗaya irin na ranar ba, kuma ni in tausayi ya kama ni faɗa nake nema.

Da safe na yafa gyale na nufi bakin tasha. Na tarar da Edward zaune cikin tulin matattun rediyoyi yana shan koko. Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba. Na ce su masu harkar inji duk bakinsu ɗaya, sun bar bawan Allah ya sayar da shanunsa ya sayo gwangwani, shi kuma yana ta zuwa yana ƙwaƙule zanzaro bai gaya masa gaskiya ba.

Ya ajiye kofin ya ce, "Mama, zauna tukuna. Ba ni na sayar masa ba, kuma injin nan lafiyarsa ƙalau, ni na gwada shi. Yaya muryar ta fito?"

Na ce, "Kamar ɓera."

Ya ce, "Yi mini yadda ta yi."

Ku ji fa! Ni da furfurata, a bakin tasha. Amma na yi. Na matse murya na yi masa tsit-tsit ɗin, mai shayi na gefe ya ƙware da dariya, na galla masa harara. Edward kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Da aka ɗauki maganar, da wuta aka ɗauka ko da batir?"

Na ce, "Wace wuta a unguwarmu a wancan lokacin? Batir ne."

"Sabo?"

Nan gabana ya faɗi. Abin ya dawo mini tar kamar jiya. Zahara'u ta ce, "Yaya, a aika a sayo sabon batir mana." Ni kuma na ce ina dalili, ga na jiya na shanya a kan katanga sun sha rana. Haka muke yi, kowa ma haka yake yi, in batir ya yi sanyi a shanya shi, a ɗan ciccije shi da haƙori, a mayar. Na ɗauko su da zafinsu, na ciccije, na cusa.

Na gaya wa Edward. Ya gyaɗa kai ya ce, "To shi ne. Batir mai sanyi a hankali yake jan zare. Ita ta yi maganarta daidai, amma zaren yana tafiya yana jan ƙafa. Injin Malam kuwa ba ya jan ƙafa, da ƙarfinsa yake ja, shi ya sa maganar take gudu. Kaset bai lalace ba, Mama. Tana nan a ciki."

Na ce, "Ashe ni ce." Shekara da shekaru yarinya tana jira, uba ya rabu da bijimansa, duk saboda ƙwauron batir huɗu. Na zauna a kan wata matacciyar talabijin, hawaye ya zubo mini, mai shayin ya kau da kai.

Edward ya tona cikin tulinsa ya zaro wata 'yar rikoda, bayanta a buɗe, an ɗaure ta da roba, madanninta ɗaya a karye. Ya ɗauki sabon kaset da wani ɗan sukundireba siriri kamar tsinken sakace, ya rufe shago ya biyo ni.

Da Dabo ya ga abin da ke hannunsa ya miƙe tsaye. Ya ce, "A wannan? Edward, a wannan zan sa? Ai gara in bar shi haka."

Edward ya ce, "Malam, ba naka za mu sa ba. Injinka baki biyu ne da shi. Mu kwafe a wannan sabon, naka ya koma gwangwaninsa. A wajen kwafi kam injinka babu na biyunsa a garin nan."

Dabo ya ce, "Shi ba zai iya rage gudun ba? Duk madannan nan?"

"Ba ko ɗaya. An yi shi ne ya tafi daidai ko ana so ko ba a so."

Aka kwafe, an ƙure sauti ƙasa don kada mu sake jin ɓeran. Aikin da manyan akwatunan nan suka yi mana ke nan tun da aka kawo su. Edward ya ajiye 'yar rikodarsa a kan tabarma, ya sa sabon kaset ɗin, ya zura sukundireba a wani ɗan rami a jikin injin da ke jan zare. Aka kira Hidaya, ta fito da zanen da ta kwana da shi, ta rakuɓe a bakin ƙofa. Edward ya ce, "Zan riƙa murɗawa a hankali, muryar za ta riƙa sauka. Amma ni ban san ta ba. Ku za ku ce mini in tsaya."

Ya danna. Ɓeran ya fara sallama. Ya murɗa, sai ya zama muryar yarinya ƙarama. Ya ƙara, ta zama budurwa mai rawar kai. Ya ƙara.

Dabo ya ce, "Tsaya! Nan ne."

Na ce, "Haba, ina! Ta fi haka kauri. Ƙara."

Ya ƙara, na ce nan ne, Dabo ya ce wannan ai ta zama tsohuwa, matarsa ba ta kai ashirin da biyu ba ta rasu. Na ce ni na zauna da ita wata huɗu ɗaki ɗaya, ya ce shi ya aure ta. Aka maido zare baya, aka sake. Wannan karon inda na ce a da, da na sake ji sai na ji ba haka ba. Aka sake na uku. Kowace murya ta yi kama da ita, kuma babu wadda na isa in rantse a kai. Hidaya tana bakin ƙofa, ta dubi ubanta ta dube ni, tana jiran ɗayanmu ya ba ta uwarta.

Dabo ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da sifikarsa. Ya ce, "Yaya, na manta. Wallahi na manta muryarta. Kullum ina cewa tana kunnena, ashe babu."

Na so in ce masa ni ban manta ba, amma ƙarya ce, kuma ba zan yi ta a gaban yarinyar ba. Edward bai kashe ba, ya bar zaren yana tafiya, ya wuce gaisuwar da muke ta maimaitawa, ya shiga inda babu wanda ya taɓa ji. Sai wata murya daban ta faɗo ciki, da ƙarfi, daga gefe: "Ke ki ɗaga murya ki faɗi abin da za ki faɗa, batir ɗin nan ba jiran ki zai yi ba!"

Hidaya ta zabura. Ta ce, "Gwaggo ce! Wannan Gwaggo ce!" Ta taho da sauri ta durƙusa kusa da Edward. "Maido baya kaɗan. Ta yi siriri, ba haka take ba. Ƙara. Ƙara kaɗan. A'a, ya wuce, koma." Ta rufe ido, ta karkata kai. Muryata tana ta maimaita faɗan nan, sau huɗu, sau biyar, kunya kamar in nutse. Sai ta ɗaga hannu. "Nan! Haka take yi mini in na bar tuwo ya kama."

Edward ya zare sukundireba a hankali. Ya ce, "In wannan ta yi daidai, ɗayar ma ta yi daidai, rana ɗaya aka ɗauke su." Ya maido zaren farko.

"Salamu alaikum, Malam."

Tsigar jikina ta tashi. Ba sai an tambayi kowa ba. Dabo ya kifa fuskarsa a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza, yana cewa, "Ita ce. Ita ce." Ita ce kuwa, da 'yar tsayawar nan da take yi tsakanin magana da magana, da yadda take jan ƙarshen kalma irin na mutanensu. Daga 'yar lasifikar da ba ta fi murfin kofi ba take fitowa, da shuuu ɗinta da komai, kuma ɗakin ya cika da ita.

Ba wata babbar magana ta yi ba. Ta ce da fatan yana lafiya, ya karatu, ya baƙunta. Ta ce ruwa ya sauka sosai, geron gonarsa ya fara fitar da kai. Ta ce jar akuya ta haifi biyu. Ta ce hular da take ɗinka masa saura kaɗan, kada ya sayi wata a can. Hidaya ta matso har kunnenta ya kusa taɓa rikodar, bakinta a buɗe, tana jira. Na san abin da take jira, kuma na san ba zai zo ba. Ita ce 'yar fari, kuma kun san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Zahara'u kuwa kunyarta ta fi ta kowa. Wata huɗun da muka yi ban taɓa jin ta ambaci sunan yarinyar ba, in za ta ba ta nono ma sai ta juya baya.

Sai ga ni kuma a cikin kaset ɗin: "Ba za ki gaya masa 'yarsa ta fara haƙori ba?"

Zahara'u ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. "Kai, Yaya. Ke ki gaya masa."

"Ji mini yarinya! To Dabo, 'yarka ta yi haƙori biyu, kuma..." Sai na ji kaina na ƙwalla ƙara, "La ila! Awaki sun shiga gyaɗata!" Aka ji takun gudu, aka ji ƙyaure ya bugu. Na tuna, gyaɗa na shanya a tsakar gida, na fita kora, ban danna komai ba.

Kaset ya yi shiru, sai shuuu da kukan awaki daga nesa. Hidaya ta sunkuyar da kai. Edward ya kai hannu zai kashe, Dabo ya riƙe masa hannu.

Aka ji motsin zane. Aka ji jaririya ta yi ƙorafi. Sannan muryar ta dawo, can ƙasa, kusa-kusa, irin wadda ban taɓa ji a bakinta ba.

"Ke. Zo nan, ta fita. Buɗe in gani. Iye, haƙori ne da ke? Wa za ki ciza?" Jaririyar ta yi dariya, ita ma ta yi. Aka ji ƙarar sumba, sau biyu. "Kada ki gaya wa Yaya, kin ji?"

Har yau ban sani ba ko ta manta injin yana ɗauka, ko kuwa ta sani sarai.

"Hidaya," in ji ta. "Hidayata. Ina kiran ki ba ki amsawa? Hidaya."

Yarinyar da ke durƙushe gaban rikodar ta ɗago kai, hawaye har haɓa, ta ce, "Na'am, Inna."

Edward ya tashi ya fita zaure ba tare da ya taka da ƙarfi ba. Na jawo Hidaya jikina na riƙe, muka bar zaren yana tafiya har ya ƙare.